Yarinya 'yar Hisfanik daga karkarar Texas tana son karatun injiniya: waɗanne jami'o'i za ta nema?

Mai Tambaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar shiga jami'a a Amurka. Akwai wata yarinya 'yar Hisfanik, wato mai asali daga ƙasashen da ke jin Sifaniyanci, a wani ƙaramin gari a yammacin Texas, tana aji 11 a sakandare, kuma ita ce ta ɗaya cikin ɗalibai 58. Tun aji 9 ba ta taɓa samun ƙasa da A ba. Ta zauna SAT, jarabawar shiga jami'a, sau ɗaya ta samu 1420 cikin 1600, a ciki lissafi 720 cikin 800. Injiniyan injina take so, wani lokaci kuma ta ce na gine-gine da ruwa. Matsalar ita ce makarantarsu ba a koyar da kalkulas, wato babban lissafin da injiniya ke buƙata, ko kaɗan, fiziks ma shekara ɗaya ne. Mahaifinta aikin gonar auduga yake yi, abin da gidan ke samu a shekara bai wuce dala 48,000 ba, su biyar ne, kuma babu wanda ya taɓa zuwa jami'a a cikinsu. A Amurka aka haife ta. Mai ba ɗalibai shawara a makarantar ya ce ta nemi kwalejin shekara biyu da ke kusa da su kawai. Shin wannan shawara ce, ko akwai abin da ya fi? Jami'o'i nawa za ta nema, kuma da me za a auna su?

Mai Duba Takardun Tallafi

Wa alaikumus salam Malama. Shawarar da aka ba ta ba mugunta ba ce, amma ta yi mata kaɗan. Masana tattalin arziki biyu, Caroline Hoxby da Christopher Avery, sun nuna fiye da shekara goma da suka wuce cewa yawancin ɗalibai masu ƙoƙari 'ya'yan talakawa ba sa ma neman manyan jami'o'i, musamman waɗanda ke nesa da manyan birane, alhali can ne karatun zai fi zo musu da araha. Yarinyar nan tana tsakiyar wannan rukuni.

A fara da kuɗi, don nan ne ake ruɗar iyaye. Farashin da jami'a ke rubutawa a shafinta ba shi ne gidan nan zai biya ba. Jami'ar MIT da ke kusa da Boston ta sanar cewa daga 2025 gidan da ke samun ƙasa da dala 100,000, in ba shi da wata babbar dukiya, iyaye ba za su biya ko sisi ba, har kwana da abinci. Rice da ke Houston tana ɗauke kuɗin makaranta da na kwana da abinci ga gidan da bai haura dala 75,000 ba. Princeton tun 2001 ta daina sa rance a cikin tallafin da take bayarwa. Jami'o'in da ke ƙarƙashin University of Texas kuma, daga 2025, sun yafe kuɗin makaranta ga 'yan jihar da gidansu bai wuce dala 100,000 ba. To a lura da bambancin: na Texas kuɗin makaranta ne da kuɗaɗen dole, ban da ɗaki da abinci, waɗanda kan haura dala 10,000 a shekara. Pell Grant, tallafin gwamnatin tarayya da ba a mayarwa, wanda mafi yawansa dala 7,395 ne, zai rage wani abu, amma giɓi na iya saura. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne MIT ta fi University of Texas da ke Austin sauƙi ga wannan gida.

Kada a tsaya kan hasashe. Dokar tarayya ta wajabta wa jami'o'i su sa ma'aunin da ake kira Net Price Calculator a shafinsu. A zauna da takardar harajin iyaye, a cike na jami'a goma sha biyu ko sha biyar, kowanne minti ashirin ne. Duk wadda ta nuna giɓin da ya wuce rancen gwamnati na ɗalibi (dala 5,500 a shekarar farko, 6,500 a ta biyu, 7,500 a kowace daga biyun ƙarshe, jimla 27,000) a cire ta, sai dai in akwai dalili mai ƙarfi. Manyan jami'o'in gwamnati na wasu jihohi su ne suka fi faɗuwa a wannan gwaji, domin tallafinsu na 'yan jiharsu ne. Komai kyawun sashen injiniyansu, baƙo da kuɗinsa yake zuwa.

Sai QuestBridge, ƙungiyar da ke haɗa 'ya'yan talakawa da manyan jami'o'i. Suna neman ɗalibai masu ƙoƙari daga gidajen da galibi ke samun ƙasa da dala 65,000. A aji 11 akwai shirinsu na College Prep Scholars da ake nema a farkon shekara, wajen Maris. Babban shirin kuma ana rufe shi a ƙarshen Satumba na aji 12: ɗalibi ya jera jami'o'i har 15, a farkon Disamba a faɗa masa wadda ta ɗauke shi da cikakken tallafin shekara huɗu. Tarkon da ke ciki guda biyu ne. Na farko, a mafi yawan jami'o'in alƙawari ne da ba a warwarewa, in sun ɗauke ta can za ta je. Na biyu, abokan QuestBridge da yawa ƙananan kwalejoji ne masu suna, irin su Amherst da Williams, waɗanda ba su da digirin injiniya. Ta jera waɗanda ke da sashen da take so kaɗai.

Gates Scholarship ana rufe shi a tsakiyar Satumba, kuma sai wanda ya cancanci Pell. Wa'adodin nan na Satumba suna faɗowa ne makonni kaɗan da komawa makaranta, don haka rubutun bayanin kai da wasiƙun shaida daga malamai a hutun bazara ake shirya su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Injiniya Mai Lasisi

Malam ya gama da kuɗi, ni zan taɓa abin da ke kayar da yara bayan an ɗauke su, don shiga jami'a daban, shiga sashen injiniya daban.

Dokar Texas ta 1997 ta ba duk wanda ya fito cikin kashi 10 na saman ajinsa gurbi kai tsaye a jami'o'in gwamnatin jihar. UT Austin, wato University of Texas da ke Austin, ta matse nata, ga masu shiga a 2026 kashi 5 ne. A aji mai mutum 58, kashi 5 bai cika mutum uku ba, ke nan ta riƙe matsayinta da kyau. Amma wannan gurbi na jami'a ne kawai. Cockrell School of Engineering, tsangayar injiniya ta UT Austin, tana yin nata zaɓen daban, tana kuma neman shaidar cewa ɗalibi ya shirya wa kalkulas. Yaro na iya samun wasiƙar murna ya tarar an sa shi a wani sashen da bai nema ba, kuma komawa injiniya daga ciki yana da wuya ƙwarai. In hakan ta faru, gara jami'ar da ta ba ta injiniya tun ranar farko.

Texas A&M tsarinta wani ne. Kowa yana fara injiniya ta gama-gari, bayan shekarar farko ya nemi sashe ta hanyar da suke kira ETAM. Wanda makinsa ya kai 3.75 cikin 4 yana samun zaɓinsa na farko ba gardama, sauran kuma a tantance su. 3.75 a shekarar da ake haɗa kalkulas da fiziks da kemistiri da rubuta manhaja ba wasa ba ne, ballantana ga wanda abokan ajinsa sun riga sun ga kalkulas a Houston ko Dallas. Ban ce kada ta nema ba. Na ce ta san wasan kafin ta shiga fili. Purdue ma tana da irin wannan shekara ta gama-gari. Tambayar da za a yi wa kowace jami'a ita ce: ana ɗauka kai tsaye cikin sashe, ko akwai wata ƙofa a gaba, kuma wanda ƙofar ta rufe wa ina yake zuwa?

Yanzu kalkulas, wanda a ganina shi ne aikin da ya fi gaggawa, ya ma fi zaɓen jami'a. Darussan injiniya sarƙa ce: kalkulas na ɗaya yana buɗe na biyu da fiziks, su kuma suna buɗe darasin ƙarfi da ma'aunin kaya a tsaye, shi kuma ya buɗe na ƙarfin ƙarafa da na gudun ruwa. Wanda jarabawar tantance lissafi, irin su ALEKS, ta mayar da shi darasin share fage, sarƙar gaba ɗaya ta ja baya da zango guda, wani lokaci shekara guda, don wasu darussan sau ɗaya ake koyar da su a shekara. Tallafi da yawa kuwa na zango takwas ne. Shekara ta biyar daga aljihu.

Maganin: ta yi kalkulas a aji 12 ta intanet, daga kwalejin shekara biyu ko ta Texas Virtual School Network. A lambobin darussa na bai-ɗaya na Texas, abin da take buƙata shi ne MATH 2413, in ta samu dama ta ƙara 2414. Kada a sa ta a MATH 1325, wannan kalkulas ne na 'yan kasuwanci, sashen injiniya ba ya lissafa shi. Haka fiziks: PHYS 2425 shi ne mai kalkulas a ciki, PHYS 1401 zai amfane ta a matsayin share fage amma ba zai shiga digirin ba. Kuskuren nan yana yawan faruwa a ƙananan makarantu saboda abin da ake da malaminsa shi ake bai wa kowa. A kuma sani makin da ta samu a waɗannan darussa zai zauna a takardar sakamakonta na jami'a har abada, don haka kada ta kwaso biyar lokaci guda. Caltech tun 2023 ta yarda ɗalibin da makarantarsa ba ta koyar da kalkulas ko fiziks ko kemistiri ya karanta a shafin intanet na Khan Academy ya kawo shaidar jarabawa ta Schoolhouse.world.

SAT ma ta sake. 720 a lissafi maki ne mai kyau, amma yawancin waɗanda MIT ke ɗauka suna tsakanin 780 da 800, kuma MIT ta dawo da wajabta jarabawar tun 2022. Da kuɗin shigar gidansu za ta samu takardar yafe kuɗi ta zauna sau biyu kyauta.

Abu na ƙarshe, ABET. Ita ce hukumar da ke tantance darussan injiniya, kuma sashe take tantancewa, ba jami'a ba. A shiga shafinta a duba sashen da sunansa. Ga injiniyan gine-gine da ruwa wannan dole ne, don hanyar lasisi ita ce jarabawar FE, sai aiki na kimanin shekara huɗu a ƙarƙashin mai lasisi, sai jarabawar PE. A kuma duba sunan digirin da kyau. Wanda ke da kalmar Technology a ƙarshe digiri ne mai amfani, amma ba ɗaya yake da na injiniya ba wajen lasisi da karatun gaba.

Mai Tambaya

Allah ya saka da alheri, na rubuta lambobin darussan. Abu biyu ban faɗa ba. Mahaifiyarta ba ta da lambar Social Security, wadda gwamnati ke ba 'yan ƙasa da masu izinin aiki, kuma suna tsoron cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya. Sannan iyayen ba sa son ta yi nisa, Turancinsu ma kaɗan ne, ita ce ke yi musu tafinta a asibiti da banki. Ana kuma cewa kotu ta hana duba ƙabila, ko ta ɓoye cewa ita 'yar Hisfanik ce?

Malamar Jami'a

'Yar'uwa, maganar nisa ba ƙaramar magana ba ce, kuma ba na son a ɗauke ta a matsayin rashin wayewar iyaye. Gidan da 'yarsa ce bakinsa a asibiti yana da hujjar damuwa. Sai dai a duba taswira. Daga Lubbock zuwa Houston tafiyar kusan awa takwas ce a mota, daga El Paso ta haura awa goma. Zama cikin jiha ba kusa ba ne a Texas. Ko Austin ko Boston, a hutu za ta riƙa zuwa gida. Kusa na gaskiya shi ne Texas Tech a Lubbock, UT Permian Basin a Odessa, UTEP a El Paso, ko New Mexico State a Las Cruces, gwargwadon inda garinsu yake.

Kuma zan ɗan saɓa wa Malam na farko, ba a kan lissafinsa ba, a kan nauyin da ya ɗora wa manyan sunaye. MIT ba ta ɗaukar ko kashi 5 cikin 100 na masu nema, Rice ƙasa da kashi 10. Ta nema, amma kada a gina gida a kai. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Jami'ar da za ta tabbata samu, kuma gidan zai iya biya, ita ya kamata a fi ɓata lokaci wajen zaɓa, don akwai yiwuwar can za ta ƙare. A irin su Texas Tech da UTEP yarinya mai makinta za ta shiga ajin zaƙaƙurai, ta samu tallafin ƙwazo, malamai su san sunanta tun shekarar farko, ta shiga ɗakin bincike da wuri. Terry Scholarship, wanda ake bayarwa ta wasu jami'o'in gwamnatin Texas, an yi shi ne don irin waɗannan yara, kuma ta fom ɗin tallafin jami'ar ake shiga, wanda ke rufewa da wuri.

Akwai laƙabin da za ki riƙa gani, HSI, wato jami'ar da aƙalla kashi 25 cikin 100 na ɗalibanta na digirin farko 'yan Hisfanik ne. Laƙabin ƙidaya ce kawai, ba shaidar kula ba. UTEP, inda mafi yawan ɗalibai 'yan Hisfanik ne kuma ana jin Sifaniyanci a ofisoshi, ba ɗaya take da babbar jami'ar da ta tsallake kashi 25 da ƙyar ba. A Texas kuma doka ta rufe ofisoshin da ke kula da bambancin ƙabila a jami'o'in gwamnati tun Janairun 2024. Ƙungiyoyin ɗalibai dokar ba ta taɓa su ba, don haka abin dubawa yanzu shi ne reshen SHPE, ƙungiyar injiniyoyi 'yan Hisfanik da aka kafa a Los Angeles a 1974. Ta rubuta wa shugaban reshen kowace jami'a, ta tambaye shi mutum nawa ke zuwa taro, ko ana biya wa ɗalibai kuɗin zuwa babban taron ƙasa, inda kamfanoni ke ganawa da ɗalibai su ɗauke su horon aiki a nan take. Ɗalibai sun fi ofishin talla faɗin gaskiya.

Ta kuma tambayi sashen injiniya: cikin waɗanda suka fara da ku, nawa ke nan a shekara ta biyu, nawa ke gamawa a shekara huɗu? Akwai shirin share fage na bazara kafin a fara? Akwai koyarwa kyauta a kalkulas da fiziks, a wane lokaci? In an yi ta kewaye-kewaye ba a ba da lamba ba, wannan ma amsa ce.

Don iyaye: jami'o'i da yawa suna da ranar iyaye da Sifaniyanci, a nema. Akwai kuma gayyatar ziyara da jami'a ke biyan jirgi da masauki a farkon aji 12, irin su WISE na MIT, SOAR na Rice, da Caltech Up Close, ana neman su tun bazara. STARS College Network, wanda aka kafa a 2023 don yaran karkara da ƙananan garuruwa, yana da tarurruka kyauta ta intanet, kuma MIT da Caltech suna ciki. Tun da mahaifin a gona yake aiki, a bincika ko ta cancanci CAMP, shirin tarayya na 'ya'yan ma'aikatan gona masu bin kaka, a jami'o'in da har yanzu ke gudanar da shi.

In ni ce zan tsara jerin, tara ko goma sun isa: biyu da ta tabbata, huɗu na tsakiya da suka haɗa da UT Austin da A&M, sauran masu cikakken tallafi. Kuɗin fom ba matsala ba ne, za a yafe mata.

Mai Duba Takardun Tallafi

Malama ta yi gaskiya a kan jami'ar tabbas, ban musa ba. Ƙari ɗaya: kwalejin shekara biyu ma tana da hanya mai kyau, wato Engineering Academies na A&M, inda ɗalibi yake ɗalibin injiniya na A&M tun farko yana zaune a kwalejin. Amma in ta yi rajista a kwaleji bayan ta gama sakandare, daga baya mai sauya makaranta za a ɗauke ta, kuma tallafi mafi tsoka na sababbin ɗalibai ne. Darussan da ta yi tana sakandare ba sa taɓa matsayinta.

Batun FAFSA: cancanta ta yarinyar ce, tun da 'yar ƙasa ce. Matsayin iyaye ba ya hana ta Pell ko rance. Tun sabon fom na 2024, mahaifi ko mahaifiyar da ba ta da lambar tana iya buɗe nata asusu a shafin tallafin karatu na tarayya, sai dai tabbatar da ko wace ce na iya ɗaukar lokaci, don haka a fara da wuri. In iyayen sun shigar da haraji tare a takarda ɗaya, ɗayansu kaɗai ake buƙata ya cike ɓangaren iyaye, duk da za a tambayi bayanan ɗayan. Tsoronsu kuwa ba abin da za a yi musu dariya ba ne. Su zauna da lauyan shige da fice ko ƙungiyar agajin shari'a kafin su cike, hukuncin nasu ne. Abin da ba za a yi ba shi ne rubuta lambar ƙarya ko lambar haraji ta ITIN a gurbin Social Security. FAFSA a al'ada 1 ga Oktoba take buɗewa, da harajin shekara biyu baya take aiki. In auduga ta yi kyau a waccan shekara bana kuma ta lalace, a rubuta wa ofishin tallafi da takardun shaida, doka ta ba su ikon gyara lissafin. Jami'o'i masu zaman kansu za su ƙara neman wani fom ɗin tallafi mai suna CSS Profile, kyauta ne ga gidan da bai kai dala 100,000 ba, amma yana tono fiye da FAFSA.

Kotu kuma: hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2023 ya hana jami'a ba da fifiko saboda ƙabila. Amma hukuncin da kansa ya ce ɗalibi na iya bayyana yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa. Ba abin ɓoyewa. Abin da ba shi da amfani shi ne rubutu na gama-gari kan wahala. Ta rubuta abin da hannunta ya taɓa: famfon ban-ruwa da ta taya gyarawa, yadda ta nemo wa kanta kalkulas da makaranta ba ta da shi. Tafintar da take yi wa iyaye da kula da ƙanne ta sa su a jerin ayyukanta na Common App, fom ɗin neman shiga da jami'o'i da yawa ke karɓa, da adadin awoyi a mako, akwai gurbin ɗawainiyar gida musamman don haka, kuma yaran karkara sukan bar shi fayau suna ganin ba aiki ba ne.

A ƙarshe a je wurin mai ba da shawarar nan da lalama, don shi ne zai aika takardar bayanin makaranta da ake kira School Profile. Ƙananan makarantu da yawa ba su da ita, ko tasu ta tsufa. Shafi ɗaya ya isa: yawan ɗaliban aji, darasin lissafi mafi girma da ake koyarwa, cewa babu AP, wato darasin matakin jami'a da ake yi a sakandare, a kalkulas, yadda ake lissafa maki, da nisan kwaleji mafi kusa. In babu wannan takarda, mai karanta fom a Houston ko Boston zai ga yarinyar da ba ta ɗauki kalkulas a makarantarsu ba, ba zai san cewa babu shi ba ne.